Tambaya ta Biyu

Biyu saura na dare. Sakkwato ta yi tsit,
sai janareton bayan ofis da ke tari,
sai fanka tana tuƙa zafin bazara kamar tuwo.
Ni kaɗai a ɗakin na'ura, nan Gawon Nama,
ga shayi ya huce, ga baƙin allo.

Allon nan ba shi da hoto, ba shi da ado.
Ɗan ɗigo ne kawai yake ƙyafta ido
yana jira in fara magana.

Akwai wani a cikin injin da ban taɓa gani ba.
A takarda, mai kula da layin saƙonni ne.
Ni ɗan kamasho nake kiransa,
don aikinsu ɗaya da na tashar Illela:
kai hau, ke jira, kada wani ya tsallake wani,
kada a bar kowa a hanya.
Fasinjojinsa kuɗin albasa, kuɗin fata,
da dubu biyar ɗin da yaro ya aika wa innarsa a Wurno.

Haruffa biyar na buga, na danna.
Amsa ta fito a layi ɗaya,
ga sunansa, ga halin da yake ciki:
yana gudana.

Da a shekarata ta farko ce
da na miƙe ƙafa bisa kujera, na ce alhamdu lillahi.
Amma tun ɗazu Haliru ya kira daga Goronyo,
muryarsa a shaƙe:
"Mi ya hwaru? Buhu tamanin sun tashi tun magariba,
mai saye ya ce ya turo, ni ban ga kome ba."

Na san irin wannan amsa ta allo.
Ita ce amsar mahaifina.
Ka ce ina kwana, ya ce lafiya lau,
ko da ƙafa ta kumbura ta ƙi shiga takalmi.
Bai yi ƙarya ba, yana numfashi.
Kai ne ba ka iya tambaya ba.

Sai na sake bugawa, na ce: mutum nawa ke tsaye a layi?
Dubu huɗu da ɗari uku da sha biyu.
Na sha ruwa, na sake tambaya.
Da sha tara.
Ashe tasha ta cika maƙil,
ɗan kamasho na tsaye da alƙalaminsa,
ba motar da ta fita.

Na bi hanyar da ke kai saƙo banki.
Tana cewa: ina sake gwadawa.
Minti ɗaya, ta ƙwanƙwasa, a ƙi buɗewa.
Minti ɗaya, ta ƙwanƙwasa.
Can ƙasan littafin kurakurai na tsinci dalili:
takardar shaidarmu ta ƙare aiki,
sabuwar kuwa na kwance a jaka tun ran Laraba,
kowa na zaton wani ya saka.
Wanin nan ni ne.

Na saka. Na ta da hanya. Na riƙe numfashi.
Dubu huɗu. Dubu uku da ɗari shida.
Ɗari tara.
Suna fita a jere, na farko shi ne na farko,
ko ɗaya bai faɗi ba.
Baba Mode mai gadi ya leƙo da buta a hannu,
ya ga ina murmushi da allo, ya girgiza kai ya wuce.

Sifili.

Haruffa biyar ɗin nan na sake bugawa.
Yana gudana.
Kalmar ɗazu ce, ko wasali bai canja ba.

An fara kiran assalatu daga wajen Mabera.
In rana ta ɗaga zan kira Kware.
Zai ce lafiya lau.
Zan bari ya gama,
sannan in ce: Baba, ƙafar fa?